Wasiƙa: Tabarau mai ja da shuɗi yana da aikin yi a kotunanmu, amma da sharaɗi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon a ɗan sam min fili in yi magana a kan wani abu da na san da yawa za su ce ai wasan yara ne, wato tabaran nan na kwali mai ido ɗaya ja ɗaya shuɗi da ake kallon hoton 3D da shi, wato hoton da ake ganin zurfi da tudun abu a cikinsa, irin hoton da ake kira anagilif. Abin da nake son faɗa shine wannan ɗan tabarau zai yi amfani a kotunanmu, musamman wajen ƙwararrun da ake kira su ba da shaida kan sa hannu na jabu, kwanson harsashi, sawun takalmi, ko tabon da ƙarfe ke bari a jikin kwaɗo ko ƙofa in an ɓalle. Amma kuma in aka shigo da shi haka kawai ba ƙa'ida, toh wallahi zai iya kai wanda bai ji ba bai gani ba gidan yari. Duka biyun nake so masu shari'a da lauyoyi su ji.

Ni dai ba lauya bane kuma ba ɗan sanda ba, sana'ata ɗaukar hoto, kuma yawancin aikina na ƙananan abubuwa ne a ɗakin gwaje-gwaje, irin abin da sai an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a gan shi da kyau. Daga nan na lura da wata matsala da ban cika jin ana maganarta ba.

Shi ƙwararre in yana binciken abu, madubin da yake leƙawa mai ido biyu ne, kowane ido da hanyarsa daban, shi yasa yake ganin rami a matsayin rami, tudu a matsayin tudu, yana ganin inda ƙarfe ya nutse da inda ya taso. Toh amma kyamarar da ake ɗaurawa a saman madubin, a yawancin irin waɗannan na'urori daga hanya ɗaya take ɗauko hoton, kenan abin da ido ɗaya ya gani ne kawai. Sai a buga wannan hoton a takarda a kai kotu. Kaga mutumin ya ga abu da ido biyu, ya zo yana rantsuwa a kan abin da ya gani, amma abin da ya miƙa wa alƙali rabin abin ne, zurfin duk ya tafi.

Na taɓa zama a wata kotu ana shari'ar takardar fili, ƙwararren da aka kira yana riƙe da fotokwafi baƙi da fari, yana cewa ranka ya daɗe a nan gefen harafin akwai kwarmi, a nan ma akwai. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya karɓi takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta saitin taga, yace toh malam nuna wa kotu kwarmin mana, ni dai layi baƙi nake gani da ɗan datti. Mutane suka yi dariya. Bawan Allahn nan ya tsaya yana ta nuni da bakin biro, gumi na keto masa, kuma ni na san gaskiya yake faɗa don na san irin abin da yake nufi, amma ba yadda za a yi a ga wannan a fotokwafi.

Bari in ɗan yi bayanin kwarmin don a gane. Wata hanya da masu jabun sa hannu ke bi ita ce su ɗora takardar gaskiya a kan wadda suke so su cika, su bi sa hannun da abu mai tsini suna dannawa, sai shatin ya fito a takardar ƙasa ba tawada, daga nan su bi shatin da biro. Hannun mutum kuwa ba inji bane, duk ƙwarewarsa sai biron ya ɗan kauce daga shatin a wasu wurare, musamman wajen lanƙwasa, sai ka ga tawada ta bi nan, siririn kwarmi babu tawada ya bi gefenta kamar gashi. In ka kashe fitilar ɗaki ka kwantar da hasken tocila a jikin takardar daga gefe zai fito da inuwarsa, in kuma ka leƙa ta madubi mai ido biyu sai ka gan shi ƙuru-ƙuru kamar ka sa farce a ciki. Wannan ɗin ne ake so alƙali ya gani, ba a ba shi labari ba. Kuma dokar shaida ta 2011 ma a sashe na 101 ta ba kotu dama ta gwada sa hannu da sa hannu da kanta, toh in dai alƙali zai duba da kansa me zai hana a ba shi abin da zai duba da kyau?

Wani zai ce ai hasken gefen ma ya isa, a ɗauki hoto da shi shikenan. Yana taimakawa sosai, kuma dabara ce da mutanenmu suka sani tun kafin kyamara, masu bin sawu a ƙauye in an kore shanu da dare ba sa jira rana ta take, da sassafe suke fita lokacin da rana take ƙasa-ƙasa inuwa na kwanciya cikin sawun. Amma inuwa a hoto tana yaudara. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba haske daga sama yake zuwa, saboda haka in ka ɗauki hoton rami da hasken gefe ka juya hoton ƙasa ta koma sama, sau da yawa sai ramin ya koma maka tudu. Duk mai waya zai iya gwadawa yanzun nan, ya taka ƙasa mai laushi da yamma ya ɗauki sawun ya juya wayar. Toh abin da juya takarda kawai ke canza shi, ai bai kamata ran mutum ko gonarsa su rataya a kansa shi kaɗai ba.

Yadda anagilif ke aiki ba wani sihiri bane. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kamar santimita 6 zuwa 6 da rabi, don haka kowane ido yana ganin duniya daga wuri ɗan daban, miƙa yatsanka gaba ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya za ka ga yatsan yana tsalle. Wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke haɗawa ta fitar da nisa da zurfi. Sai a ɗauki hoto biyu na abu ɗaya, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama kaɗan, a bar na hagun da launin ja kawai, na daman a bar masa kore da shuɗi, a ɗora su kan juna su zama hoto ɗaya. In ka kalle shi da ido haka sai ka ga kamar firinta ce ta lalace, komai bibbiyu da jan baki. Da ka sa tabaran, jan gilashin da ke idon hagu ya bar hoton hagu kawai ya wuce, shuɗin da ke dama ya bar na dama, sai abu ya taso daga takarda.

Kuma ba sabon abu bane. Charles Wheatstone a Ingila ya yi bayanin yadda ido biyu ke ganin zurfi tun 1838, Wilhelm Rollmann a Jamus ya kawo dabarar launi biyun a 1853, sannan Louis Ducos du Hauron na Faransa ya yi rajistar hanyar buga shi a takarda a 1891. Hukumar NASA ta Amurka ma lokacin da na'urarta Pathfinder ta sauka a duniyar Mars a 1997 da irin wannan hoton ta nuna wa jama'a duwatsun wurin. Waɗanda suka yi karatun safiyo ko jogirafi a jami'o'inmu kuwa sun san ɗan'uwansa, inda ake jera hotunan jirgin sama guda biyu a leƙa ta madubi sai tsaunuka su miƙe.

Abin da yasa na nace a kan wannan hanyar duk da akwai waɗanda suka fi ta kyau shine halin da kotunanmu ke ciki, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai na'urorin da ke auna saman abu da hasken lesa su ba ka zurfinsa da lamba, akwai tabaran silima da ke buƙatar allo na musamman, akwai wanda ake kifawa a fuska gaba ɗaya. Duk sun fi, amma ina kuɗin, ina wutar, ina mai gyara in sun lalace? Kotun da alƙali ke rubuta bayanin shaidu da hannunsa, fanka ma sai an tada janareta, ita za a ce ta jira waɗannan? Shi kuwa anagilif takarda mai kala ko allon kwamfuta ko majigi na yau da kullum ya ishe shi, tabaran kuma kwali ne da leda mai launi. Manhajar haɗawa ma akwai ta kyauta, StereoPhoto Maker da wani ɗan Japan ya rubuta, ko GIMP, kai ko kyamara biyu ba a buƙata tunda shaidar ba motsi take ba, ka ɗauka ka gusa kyamarar kaɗan ka sake ɗauka. In abin ƙarami ne sosai kamar gindin kwanson harsashi sai a bar kyamarar a wurinta a ɗan karkata shi kansa abin da ƴan digiri kaɗan tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu.

Na yi wannan da wani tsohon kwaɗo da aka ɓalle da ƙarfe a shagon wani maƙwabcina. A hoto na yau da kullum ƙarce-ƙarce kawai kake gani fari-fari a jikin tagulla. Da na haɗa biyun muka sa tabarau sai ga wurin da bakin ƙarfen ya fara cizo ya nutsa, ga inda ya zame ya ja layuka a jere kamar an yi shara, ga ɗan leɓen tagulla da ya tattaru ya taso a ƙarshen zamewar, wanda shi ke nuna maka ta inda aka danno da inda aka nufa. Maƙwabcin nawa har hannu ya kai zai taɓa allon. Mutumin da bai taɓa leƙa madubin bincike ba a rayuwarsa, cikin minti ɗaya ya gane abin da da baki sai a yi rabin awa ana bayani.

Toh a nan ne kuma tsorona yake, Malam Edita, wannan kai hannun da ya yi.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma haka ne, amma a kotu wannan maganar tana da haɗari don wanda ya haɗa hoton shi ke zaɓar abin da za ka gani. Zurfin da ke fitowa a anagilif ba zurfin gaskiya bane dole, ya danganta da yawan tazarar da mai ɗauka ya bari tsakanin hoto na farko da na biyu. Masu wannan sana'a suna da wani ƙiyasi da suke bi a hoto na yau da kullum, tazarar ta zama kamar kashi ɗaya cikin 30 na nisan abu mafi kusa da kyamara. In na ninka tazarar nan, ko na ƙara karkata abin fiye da kima, ɗan lotsawa a ƙashin kai sai ya koma maka kamar rijiya, alhali ban taɓa hoton da wata manhajar gyara ba, ban ƙara komai ba ban goge komai ba, kuma zan iya dafa Alƙur'ani in rantse cewa hoton na gaskiya ne. Har nisan da mai kallo ya zauna daga allo yana canza abin, wanda ke baya yana ganin zurfin ya fi miƙewa a kan wanda ke gaba. Kenan alƙali a kan kujerarsa da lauya a bencinsa ba abu ɗaya suke gani ba sak.

Wanda ya fi wannan muni, in aka musanya hotunan, na hagu ya koma dama, ko mutum ya juya tabaran, jan ya koma idon dama, komai sai ya kife, rami ya zama tudu tudu ya zama rami. Ka ɗauka shari'ar ta rataya ne a kan ko ta gaban takarda aka danna rubutu ko ta bayanta, ko ta ciki aka bugi ƙarfen ƙofa ko ta waje. Kuskuren akawu ɗaya wajen sa wa fayil suna ya isa ya juya shaidar gaba ɗaya, kuma ba wanda zai lura a ɗakin don hoton zai fito tsaf da kyaunsa. Maganin wannan mai sauƙi ne, a ajiye wani abu da kowa ya san siffarsa a gefen shaidar lokacin ɗauka, ko kwabo ne ko kan ƙusa, tare da ƴar rula, in kwabon ya fito a lotse an san an kife. Amma sai an sa shi ya zama dole, in ba haka ba ba mai yi.

Akwai wani abu da ya faru a Amurka da nake so lauyoyinmu su riƙe, duk da ba anagilif aka yi amfani da shi ba. Wani mutum Ray Krone a jihar Arizona an yanke masa hukuncin kisa a 1992 kan kisan wata mata a birnin Phoenix, kuma babbar hujjar ita ce shatin cizo a jikin gawar. Ƙwararren likitan haƙori ya zo da bidiyo yana nuna yadda siffar haƙoran Krone ke hawa kan shatin daidai, masu yanke hukunci suka gani da idonsu suka gamsu. A 1995 kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin saboda sai dab da fara shari'a aka ba lauyoyinsa bidiyon, ba su samu lokacin shirya martani ba. Aka sake shari'a a 1996 aka sake kama shi da laifi a kan dai maganar cizon. Sai a 2002 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna wani ne daban, aka sake shi bayan shekara 10 a tsare. Abin da aka nuna ɗin ya yi kyau a ido, ilimin da ke ƙarƙashinsa ne ba shi da ƙwari. A 2009 ma cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da wani babban rahoto da ya ce in ka cire gwajin DNA, sauran hanyoyin nan na gwada shati da shati ba a tabbatar da su a kimiyyance yadda ya kamata ba wajen cewa wannan alamar daga wannan mutumin ko wannan abin ta fito shi kaɗai. Toh ka ga in ƙwararre ya yi kuskure a ra'ayinsa, tabarau ba zai gyara kuskuren ba, sai dai ya sa kuskuren ya fi shiga rai.

Ko a binciken takardu akwai irin wannan tarkon. In layi biyu na tawada suka gitta juna ana so a san wanne aka fara rubutawa, misali sa hannu ne ya riga ko rubutun da ke samansa, ido yakan ɗauka layin da ya fi duhu shine a sama ko da shine a ƙasa. Masu aikin sun san da wannan, shi yasa na kirki a cikinsu ba sa saurin yanke magana. Alƙalin da aka miƙa wa tabarau bai san da shi ba.

Shi yasa ni a ganina a ɗauke shi a matsayin hanyar nuni kawai, ƙwararre ya nuna wa kotu abin da yake nufi, ba hanyar awo ba. In ana maganar zurfin rauni ko na rami milimita nawa ne, a kawo awon da aka yi da abin awo a rubuce. Kuma duk wanda zai kawo anagilif ya haɗo da asalin hotuna biyun kafin a rina su, da hoto na yau da kullum mai cikakken launi, ya rubuta tazarar da ya bari ko digirin da ya karkata da manhajar da ya yi aiki da ita, yadda ƙwararren ɗaya ɓangaren zai iya zama ya sake haɗawa ya ga ko zai samu abu ɗaya. Dama sashe na 84 na dokar shaida yana neman takardar tabbaci ga duk abin da kwamfuta ta fitar, kuma Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa take da wannan ba tun shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa a 2012, inda aka ƙi karɓar abin da aka ciro daga intanet don ba a cika sharuɗan sashen ba. Toh a cikin wannan takardar tabbacin sai a zuba bayanan nan, ba sai an jira majalisa ta yi sabuwar doka ba. Sannan a ba wanda ake tuhuma kwafinsa da tabaransa da wuri, ba ranar zaman ba, tunda sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin isasshen lokaci da kayan shirya kariyarsa.

Maganar launi ma kar a manta da ita. Tunda da launi ake raba hoton, launin gaskiya na abin yana lalacewa, ja musamman, abu ja sai ya riƙa ƙyalli yana damun ido don ido ɗaya na ganinsa da haske ɗaya na ganinsa baƙi. Kenan duk shaidar da ta shafi jini, ko launin ƙurji da kumburi, ko bambancin tawada da tawada, wannan ba hanyarta bace sam. Inda ya fi kyau shine ƙarfe, ƙashi, ƙasa, takarda, abin da siffarsa ake nema ba kalarsa ba, kuma gara ma a mai da hotunan baƙi da fari kafin a rina. Sannan dan Allah kar a tura shi ta WhatsApp a ce an aika wa lauya, matse hoton da ake yi a can yana dagula launukan sai kowane ido ya riƙa hango inuwar hoton ɗan'uwansa, kai ya ɗau ciwo a banza.

Kuma ba kowa ke gani ba. Mai ido ɗaya ba zai gani ba, haka mai idon da ya karkace tun yarinta ko wanda ido ɗaya ya yi masa rauni sosai, da yawansu ba sa haɗa zurfi ta wannan hanyar kuma wasu ba su ma san haka suke ba don sun saba da rayuwarsu lafiya lau. Abin mamaki masu matsalar bambance launi su galibi suna gani, don gilashin ne ke rabawa ba idon ba. Toh yanzu a ce mai shari'a ne ko lauyan wanda ake tuhuma ba ya gani, kuma ka san halinmu da girma, babban mutum a gaban jama'a ba zai ce ni fa ban ga komai ba, sai ya gyaɗa kai kawai. Ya kamata kafin a nuna shaidar a fara nuna wani hoton gwaji da ba ruwansa da shari'ar, a tambayi kowa me ya taso me ya nutse, a rubuta.

Kotunan shari'ar Musulunci ma ban cire su ba, don hukunci da alama ba baƙon abu bane a wurin malamanmu, kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf alaihissalam da rigar da aka duba ko ta gaba ta yage ko ta baya. Rigimar gado da ta fili da ta bashi da ke cika waɗannan kotuna yawanci a kan takarda da sa hannu da dangwale take, nan ne ma nake ganin abin zai fi saurin amfani in an samu masu yi da amana.

Abin da ya rage da ya fi ƙarfin sanina na ɗaukar hoto, shi nake so lauyoyi da ma'aikatan kotu masu karanta wannan jarida su amsa mana a wannan shafin. In aka ɗaukaka ƙara, rajistara yana haɗa kundin shari'a ne a aika sama, kuma duk wanda ya taɓa riƙe irin kundin nan ya san fotokwafi ne kan fotokwafi, baƙi da fari, wani shafin ma da ƙyar ake karantawa. Anagilif kuwa da ya shiga injin fotokwafi ya mutu, sai dai tabo bibbiyu. Toh alƙalin kotun ƙasa ya rubuta a hukuncinsa cewa ya sa tabarau ya ga kwarmi, su kuma alƙalai uku na Kotun Ɗaukaka Ƙara me za su duba su ce ya yi daidai ko bai yi ba? Shin tabaran kansa za a karɓa a sa masa lamba a matsayin wani ɓangare na shaidar ya bi kundin har sama, tare da fayil ɗin asali a faifai, ko kuwa yaya za a yi? Kuma in an ƙi karɓar hoton a matsayin shaida bayan alƙali ya riga ya kalla, wa zai cire masa abin da ya gani?

In Malam Edita zai yarda, a shirye nake in aiko da hoton kwaɗon nan a buga a shafi mai kala, guda biyu gefe da gefe, ɗaya an haɗa shi daidai ɗaya an musanya hagu da dama, ba tare da an faɗi wanne ne wanne ba, masu karatu su nemi jar leda da shuɗiya su gwada su aiko da amsa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto, daga Zariya